Dokar rediyo da lissafin tsawon zango, daga mita zuwa kilomita

Idan ka ɗauki tsohuwar rediyo a teburin mai gyara cikin kasuwar Tawa, za ka ga layin lambobi biyu a fuskarta, ɗaya na kilohaz, ɗaya na mita. Dattawanmu da na mita suka saba, mita 31 ko mita 49 suke murɗawa su kamo tasha. A wajen doka kuwa kilohaz ne asali, daga gare shi ake fitar da mita.

Dokar ita ce Ƙa'idojin Rediyo na ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai mazauni a Suwizalan. Nijar na cikinta, kuma a nan gida hukumar ARCEP da ke Yamai ce ke kula da rabon zanguna. Sashe na 2 na ƙa'idojin ya kasa zangunan rediyo gida tara, daga lamba 4 zuwa 12. Ya kuma ce har zuwa 3000 da kilohaz za a rubuta, abin da ya haura haka, har zuwa megahaz 3000, da megahaz (megahaz ɗaya kilohaz dubu ne).

Haz ɗaya na nufin igiyar ta kaɗa sau ɗaya a daƙiƙa, kilohaz sau dubu. Tsawon zango kuma shi ne tazarar da igiyar ke ci a kaɗawa ɗaya. Gudun igiyar rediyo gudun haske ne, wanda tun 1983 aka tsayar a kan mita 299 792 458 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 300 000. Saboda haka ka raba 300 000 da yawan kilohaz, abin da ya fito shi ne tsawon zango a mita. A da, Muryar Sahel ta daɗe tana watsa shiri a kan kilohaz 9705. Yi rabon, za ka samu kusan mita 31 ɗin da dattawa ke faɗa.

Da zarar yawan kilohaz ya ragu, lambobin mita sai su kumbura. Gida na 5, kilohaz 30 zuwa 300, zangonsa daga kilomita 10 ne zuwa 1. Nan tashar Tipaza ta Aljeriya take, a kan 252, wato mita 1190 ko kilomita 1,19. Gida na 4, kilohaz 3 zuwa 30, daga kilomita 100 zuwa 10. Da irinsa sojojin ruwa ke aika saƙo ga jiragen da ke nutse, domin doguwar igiya na ratsa ruwan teku ƴan mitoci. Tashar Amurka da ke Cutler tana kan kilohaz 24, kilomita 12,5 ke nan. Ta Rasha mai suna ZEVS ta sauka har haz 82, zangonta ya haura kilomita 3600, ya ninka hanyar Yamai zuwa Tawa sau shida da ɗori.

Juyawar ba ta da wuya: raba mita da 1000 ka samu kilomita. Sai dai har yau dokar na kiran gida na 4 da sunan tsohon ma'aunin Faransa, miriyamita, wanda shi ne mita 10 000, ko da yake an bar shi a waje lokacin da aka kafa tsarin awo na duniya a 1960. Wanda ya ci karo da shi ya ninka da 10 ya samu kilomita.

Abin da ya fi damuna shi ne waƙafi. Ɗalibinmu da ya yi karatu da Faransanci in ya ga 12,500 zai karanta sha biyu da rabi, ɗan'uwansa na Sakkwato kuwa dubu goma sha biyu da ɗari biyar zai gani. Takarda ɗaya, bambanci ninki dubu, kuma mu da ke ɗaukar littafi da kayan aiki daga ɓangarorin biyu na iyaka mu ne kan gaba wajen faɗawa wannan rami. Babban taron awo na duniya ya yanke hukunci a 2003: waƙafi ko ɗigo, kowanne ya halatta wajen raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, amma kada a sa ko ɗaya tsakanin dubbai, a bar ɗan fili kawai. Haka na bi a nan, kuma ina fata malaman kimiyya a makarantunmu su riƙe shi da gaske.

Ƙasa da kilohaz 8,3 dokar ba ta raba wa kowa zango ba. Ƙasar da ta ba da izinin amfani da shi ita ke da alhakin tabbatar da bai dagula ayyukan da ke sama da shi ba, musamman na masu hasashen yanayi, waɗanda ke sauraren tartsatsin walƙiya tsakanin 8,3 da 11,3 don gano inda hadari yake.