Batirin sodiyam mara ruwa: wane aiki polima ke yi a cikinsa?

Me ke sa batir kamawa da wuta?

Duk wanda ya taɓa ganin batirin waya ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, ya san akwai abin tsoro a ciki. Tsakanin ɓangarori biyu na batir akwai wani ruwa, ilektrolait, wanda ƙwayoyi masu ɗauke da caji ke ratsawa suna kai da kawo. Ruwan nan yana saurin kama wuta. In batir ya huje ko zafi ya yi masa yawa, shi ne makamashin gobarar.

To ina polima ta shigo?

Polima sinadari ce dangin roba, ita ce ke maye gurbin ruwan: siririn faifai kamar leda, an narkar da gishirin sodiyam a cikinsa. Ba ta zuba, ba ta tururi, kuma tana lanƙwasuwa ba kamar tangaran ba. A 1973 Peter Wright da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka gano cewa polimar da ake kira PEO tana barin sodiyam ya ratsa ta. A 1978 Michel Armand na Faransa ya ce a gwada ta a batir.

Me ya sa sodiyam, alhali ga litiyam da ake yin batirin waya da shi?

Araha da yalwa. Sodiyam yana cikin gishirin miya, yana cikin kanwa. Kamfanin CATL na Sin ya nuna batirinsa na sodiyam a 2021, sai dai mai ruwa ne.

Me ya hana mara ruwan cika kasuwa?

Nan gizo ke saƙar. A zafin ɗaki, zaruruwan PEO kan jeru su daskare, sodiyam ya riƙa tafiyar hawainiya. Sai zafi ya kai digiri 60 zuwa 80 take sakin jiki, abin da ko ranar watan Afrilu a Sakkwato ba ta bayarwa. In kuma ta yi laushi, wasu siraran allurai na ƙarfen sodiyam kan tsiro su huda ta, ɓangarorin batir biyu su haɗu, batirin ya lalace. Shi ya sa masu bincike ke cakuɗa ta da garin tangaran irin NASICON, don ta yi ƙwari, caji ya samu hanya.

Ke nan ba zai taɓa ƙonewa ba?

Wanda ya ce maka haka, kada ka yarda. Haɗarin ya ragu sosai, kuma wannan kaɗai ya isa a dage da binciken. Amma polima ma tana ci da wuta, ƙarfen sodiyam kuwa yana narkewa a digiri 98. A Afrilun 2022 bas biyu masu batirin litiyam na polima sun ƙone a Paris, aka janye irinsu 149 daga titi.