Asalin Ƙwallon Azurfa na Epcot: Waiwaye Kan Gadon Manyan Baje Kolin Duniya

Duk wanda ya doshi filin shaƙatawa na Epcot a jihar Florida ta Amurka, tun daga ƙofa wani ƙaton ƙwallo mai ƙyallin azurfa ne ke tarbarsa, tsaye kan ƙafafu shida, tsayinsa kusan mita 55. Sunansa Spaceship Earth, wato duniya tamkar kumbon da ya ɗauko mu gaba ɗaya. Faranti masu kusurwa uku guda 11,324 ne suka lulluɓe shi, kuma ko ana tsuga ruwa ba ya ɗiga wa masu wucewa a ƙarƙashinsa, domin an ɓoye magudanai a jikinsa masu kai ruwan tafkin da ke tsakiyar filin. An buɗe wurin ranar 1 ga Oktoba, 1982. Galibin masu tsayawa ɗaukar hoto a gabansa sun ɗauka dabara ce ta kamfanin Disney shi kaɗai, alhali jika ne na wata tsohuwar al'ada da ta girme shi da shekaru fiye da 130, wato manyan baje kolin duniya.

Mu da muka saba da baje kolin Kaduna mun san tsarin: a kafa rumfuna, a nuna kaya, kwanaki su cika, kowa ya naɗe tabarmarsa. Na duniya ma haka yake, sai dai shi watanni shida yake ɗauka, kuma ƙasashe ne ke kafa rumfunan. An fara shi a Landan a 1851. Wanda ya tsara ginin da aka yi taron ciki, Joseph Paxton, mai kula da lambu ne, ya ƙware wajen gina ɗakunan gilashi na rainon tsirrai. Sai ya faɗaɗa wannan fasaha ya fitar da Crystal Palace, zauren ƙarfe da gilashi mai tsawon fiye da mita 560, wanda aka ƙera sassansa a masana'antu aka zo aka harhaɗa a lambun Hyde Park. An ƙirga shiga kusan miliyan 6. Ribar da aka samu, fam 186,000, da ita aka sayi filayen unguwar South Kensington inda manyan gidajen tarihin Landan suke a yau.

Abin da ya faru da ginin bayan an tashi shi ne farkon labarinmu. An kwance shi, aka sake kafa shi a kudancin birnin a 1854, aka kewaye shi da lambuna da maɓuɓɓugan ruwa da mutum-mutumin dabbobin da suka ɓace tun zamanin da. Mutane suka riƙa biyan kuɗi su shiga su wuni. Gobara ta cinye ginin a ƙarshen Nuwamba 1936, amma sunan ya tsira: unguwar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Crystal Palace duk daga gare shi suka samo shi.

Faransawa ne suka koya wa duniya cewa baje koli na buƙatar tambari guda da za a hango daga nesa. Don taron 1889, shekara ɗari da juyin juya halin ƙasarsu, kamfanin Gustave Eiffel ya miƙar da hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 300 a birnin Paris. Tun ana cikin aikin, a 1887, wasu fitattun marubuta da masu zane suka sa hannu a takardar ƙorafi, suna cewa za ta ɓata fuskar birnin. Izinin shekara 20 kacal aka ba ta. Abin da ya cece ta daga rushewa shi ne amfaninta wajen aika saƙonnin rediyo, musamman ga sojoji. Ta riƙe kambun gini mafi tsayi a duniya har 1930.

Da Amurkawa suka zo shirya nasu a Chicago a 1893, burinsu su samu abin da zai kere hasumiyar Eiffel. Wani injiniyan gadoji, George Ferris, ya kawo shawarar ƙaton lilo mai juyawa kamar ƙafar keke, tsayinsa mita 80, da ɗakuna 36, kowanne na iya ɗaukar mutum 60. Hasumiya hawanta ake yi a sauko. Wannan kuwa shi ke ɗaga mutum ya zagaya da shi. An kafa lilon a wani dogon titi mai suna Midway, wanda aka ware wa wasanni da nishaɗi nesa da manyan zaurukan ilimi da masana'antu. Masu shirya irin waɗannan taruka suka lura cewa a wannan titi jama'a ke cincirindo, nan kuma kuɗi ke shigowa. Lilon kansa bai yi tsawon rai ba: an kai shi baje kolin St. Louis na 1904, aka tarwatsa shi da nakiya a 1906. Cikin kafintocin da suka yi aikin ginin baje kolin Chicago akwai wani mai suna Elias Disney, wanda bayan shekaru takwas aka haifa masa ɗa, Walt.

Daga nan hanya ta buɗe tsakanin baje koli da filin wasa na dindindin. Wani wasan kwaikwayon tafiya duniyar wata da ya yi farin jini a baje kolin Buffalo na 1901, masu shi suka ɗauke shi zuwa Coney Island a New York, da ribarsa suka buɗe filin wasa na Luna Park a 1903. Hasumiyar tsalle da laima ta baje kolin New York na 1939 ita ma can aka kai ta a 1941, kuma ƙarfenta na nan tsaye har gobe. Tambarin taron 1939 ɗin kuwa, wani farin ƙwallo da dogon tsini a gefensa, rushe shi aka yi, ƙarfen ya tafi hidimar yaƙin duniya na biyu.

Akwai ɓangaren wannan tarihi da ba na iya wuce shi da sauri, domin ya taɓa mu kai tsaye. A titin Midway na Chicago an kafa abin da aka kira ƙauyen Dahomey, aka zuba mutanen da aka kwaso daga Afirka ta Yamma domin 'yan kallo su biya su gan su. Turawan mulkin mallaka sun mayar da wannan al'ada. A 1924 da 1925 Ingila ta shirya baje kolin daularta a Wembley, inda aka ƙirga shiga kimanin miliyan 27. Sashen Afirka ta Yamma an gina shi ne da siffar birni mai jar ganuwa da ƙofofi, kwaikwayon biranen Arewacin Najeriya irin su Kano da Zariya. Aka kawo masu sana'a daga yankin, masaƙa da dukawa da sauransu, suna zaune a ciki suna aiki jama'a na kallo. A ce an nuna wa duniya aikin hannunmu, wannan abin alfahari ne. Amma yadda wasu jaridun Landan suka riƙa rubutu kan waɗannan bayin Allah, kamar wasu abin dariya, ya ɓata wa ɗaliban Afirka ta Yamma da ke karatu a can rai, har suka kai kuka ga hukuma. A cikin wannan yanayi ne Ladipo Solanke, ɗalibin shari'a ɗan Abeokuta, tare da Herbert Bankole-Bright na Saliyo suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, a 1925, ƙungiyar da ta zama makarantar 'yan gwagwarmayar neman 'yanci da dama. Ganuwar Wembley ta ɓace tuntuni. Babban abin da ya rage daga taron shi ne filin ƙwallon da aka gina dominsa, mai tagwayen hasumiyoyi, wanda shi ma aka rushe a 2003 aka maye gurbinsa da na yanzu.

Faransa ta yi makamancin haka a 1931, inda ta gina rumfar Afirka ta Yamma da salon ginin ƙasa irin na masallacin Djenne. Abin takaici, ko a 1958 Beljiyam ba ta daina ba. A baje kolin Brussels aka gina Atomium, ƙwallaye tara masu sheƙi da aka haɗa da bututu, tsayinsu mita 102, siffar ƙwayar ƙarfe da aka ƙara wa girma sau biliyan 165, alamar zamanin kimiyya. A gindin wannan alamar ci gaba aka killace 'yan Kwango a wani ƙauyen nuni, shekara biyu kacal kafin ƙasarsu ta samu 'yanci. Atomium na nan, an sabunta shi tsakanin 2004 da 2006, yana cikin abubuwan da baƙi suka fi ziyarta a birnin.

Walt Disney ya buɗe Disneyland a California a Yulin 1955, kuma darasin Eiffel ya zauna masa daram. A ƙarshen babban titin filin ya kafa fada mai tsayin mita 23 kawai, amma aka riƙa ƙanƙanta tubala da tagogi daga ƙasa zuwa sama domin ido ya ga kamar ta fi haka nisa. Yakan kwatanta irin wannan gini da ɗan yankan naman da ake nuna wa kare don ya biyo ka: abin da mai ziyara zai hango ya ji ƙafarsa na jan sa can.

Haɗuwar Disney da baje koli ta zo ne a New York a 1964 da 1965. Hukumar kula da baje kolin duniya da ke Paris, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar 1928, ba ta amince da wannan taro ba, saboda jagoransa Robert Moses ya ƙi bin ƙa'idojinta. Manyan ƙasashen Turai da dama suka ƙaurace, sai kamfanonin Amurka suka cike gurbin. Nan Walt ya ga dama. Ya karɓi ayyuka huɗu: na kamfanin motoci na Ford, na General Electric, na jihar Illinois, da na Pepsi tare da UNICEF. Da kuɗin waɗannan masu ɗaukar nauyi ma'aikatansa suka gwada fasahohin da suka daɗe suna nema. Ga Illinois suka ƙera mutum-mutumin Abraham Lincoln mai tashi daga kujera ya yi jawabi. Ga General Electric suka yi zauren da kujerun 'yan kallo ne ke zagaya dandamali. Ga Pepsi suka haƙa magudanar ruwa da ƙananan jiragen ruwa ke ratsa ɗaruruwan 'yan tsana sanye da tufafin al'ummomin duniya, bisa zanen Mary Blair. Wannan na ƙarshe ya nuna musu yadda za a wuce da dubban mutane cikin sa'a guda ba tare da layi ya tsaya ba, ilimin da kowane filin shaƙatawa ke rayuwa a kansa. Da aka tashi, an kwashe Lincoln da 'yan tsanar da zauren mai juyawa zuwa Disneyland. Taron ya kuma tabbatar wa Walt cewa mutanen gabashin Amurka za su karɓi hajarsa, a daidai lokacin da wakilansa ke sayen filaye a ɓoye a tsakiyar Florida.

Abin da ya yi niyyar ginawa a can gari ne na gaske mai suna Epcot, mai mazauna kimanin 20,000, inda kamfanoni za su riƙa gwada sabbin dabarun zaman birni. Ya bayyana shirin a Oktoban 1966, ya rasu ranar 15 ga Disamba ta wannan shekara. Magadansa suka ga tafiyar da gari da mutanensa ya fi ƙarfinsu. Da suka dawo kan sunan Epcot bayan shekaru, sai suka gina baje kolin duniya wanda ba a tashi: rumfunan kimiyya da kamfanoni ke ɗaukar nauyi a gaba, rumfunan ƙasashe kewaye da tafki a baya.

Siffar ƙwallon kuwa daga Kanada ta zo. A baje kolin Montreal na 1967, Buckminster Fuller da abokin aikinsa Shoji Sadao suka tsara wa Amurka rumfa mai kama da ƙubba, faɗinta mita 76, da sandunan ƙarfe da aka saƙa kusurwa uku-uku, yadda nauyin ke rarrabuwa ko'ina ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Fuller ne kuma ya yaɗa kiran duniya kumbo, sunan da Disney ta ara. A 1976 gobara ta lashe rufin robar ƙubbar Montreal, ƙarfen ya tsira, yanzu gidan tarihin muhalli ne. Ta Fuller ba cikakken ƙwallo ba ce, gindinta a ƙasa yake. Injiniyoyin Disney suka cika da'irar, suka ɗora kashi na sama kan wani teburin ƙarfe, suka rataye na ƙasa a jikinsa, suka ɗaga duka sama.

Rumfunan ƙasashen Epcot 11 ne. Daga nahiyar Afirka Maroko ce kaɗai, wadda aka buɗe a 1984, kuma a ganina ita ta fi kowace daraja saboda yadda aka gina ta: gwamnatin Sarki Hassan na Biyu ce ta ɗauki nauyi, ta turo magina da masu adon tayil na ƙasar suka yi aikin da hannunsu, bisa ƙa'idar adon Musulunci da ba a zana halitta mai rai. Wannan ya sha bamban da Wembley, inda mai mulki ya zana mu yadda ya ga dama. An taɓa sanar da cewa za a gina rumfar ƙasashen tsakiyar Afirka a Epcot, har aka yi tallarta, amma ba a gina ba. A gurbinta, tsakanin rumfar China da ta Jamus, 'yan shagunan sayar da abin sha da tsaraba ne kawai.

Baje kolin kansa bai mutu ba. A na Dubai, wanda annobar korona ta jinkirta zuwa Oktoban 2021, an bai wa kowace ƙasa mai halarta rumfarta ta kanta, har da Najeriya da Nijar, kuma an bar ƙubbar Al Wasl tsaye a tsakiyar sabuwar unguwar da ta gaji filin. Osaka ta Japan ta karɓi na 2025, da wani zoben katako mai kewayen kusan kilomita 2 a matsayin tambarinsa. Na 2030 a Riyad ta Saudiyya za a yi shi.