Anini, Liyari da Mindar Kaka: Me Ke Cikin Gwangwanin Nan?

Da wuya ka sami tsohon gida a ƙasar Hausa da babu irin wannan gwangwani a ƙasan adaka. Namu na madara ne, murfinsa ya yi tsatsa, sai da wuƙa aka ɓalle shi ranar da ake gyaran ɗakin Hajiya Kaka. A ciki akwai anini goma sha uku a zarge da zare, da sulai biyar da suka yi duhu, da wani ƙaton farin kuɗi mai hoton mace, da minda guda ɗaya wadda ƙyallenta ya koɗe. Nan take wani ƙanena ya fara lissafin mota. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka yi ta jefo mini a ranar, kuma har yau su nake ji daga duk wanda ya tsinci irin wannan kaya.

Duk ƙarfe mai zagaye da rubutu kuɗi ne?

A'a. Galibi kuɗi yana ɗauke da sunan ƙasa ko hukumar da ta buga shi, da kuma darajarsa: kwabo ɗaya, sule ɗaya, tamma biyar. Minda ba ta da daraja a rubuce, don ba a yi ta domin ciniki ba. Lambar yabo ce ko ta tunawa da wani biki, kuma sau da yawa tana da kunne ko zobe a sama na ratayawa. Akwai kashi na uku, kwandalar shaida, wadda kamfani ko kanti ko kulob ke bugawa don a karɓi kaya ko a shiga wuri ko a yi wasa da ita. Wannan ce ta fi ruɗa mutane. A Ingila an buga ɗimbin na tagulla masu kama da kuɗin zinari don 'yan karta su riƙa ƙirga ci da su, wasu da rubutun "To Hanover" da shekarar 1837. Suna da kan sarauniya, suna da sheƙi, amma ba zinari ba ne.

Wannan mai huda a tsakiya da tauraro fa?

Shi ne kuɗin Turawan mulki na Afirka ta Yamma, wanda Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya suka yi tarayya a kansa. An fara buga kwabo da anini a 1907, ɗari, wato rabin kwabo, ya biyo baya a 1911. Anini ɗaya bisa goma na kwabo ne, shi ya sa har gobe wanda ya tsiyace ke cewa ko anini ba shi da shi. Na farkon da sanholo aka yi su, marasa nauyi kamar ɓawon gyaɗa, amma ba su jure ba, a 1908 aka koma wani farin ƙarfe mai ƙwari. Hudar kuwa don a zarga su a zare ce kamar yadda aka saba yi wa wuri. Ka duba ƙasan hudar da kyau, za ka ga an rubuta darajar kuɗin da haruffan Larabci, domin a lokacin masu karatun allo sun ninka masu boko nesa ba kusa ba.

Manyan, wato taro da sisi da sule da fataka (sule biyu), sun fito a 1913, shekara guda bayan kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma. Da azurfa aka fara su. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, sai aka koma tagulla a 1920. Don haka sule mai bishiyar kwakwa da ke da shekara tsakanin 1913 da 1919 azurfa ce mai kyau. Mai launin rawaya kuwa na baya ne.

Idan shekarar ta goge, sunan sarki zai taimaka maka. Haruffan IND IMP na nufin Sarkin Indiya, kuma an daina sa su daga 1949, bayan Indiya ta sami 'yanci. Wani ɗan mitsitsin harafi kuma, H ko KN, yana nuna masana'antar da ta buga shi a Birmingham. Wanda aka rubuta wa "Federation of Nigeria" da shekarar 1959 kuɗin Babban Bankin Najeriya ne na farko, kuma shi aka kashe har zuwan naira da kwabo a 1973.

Wani ya ce tauraron na Isra'ila ne.

Kuɗin ya girmi ƙasar Isra'ila da shekara 41. Tauraro mai tsini shida tsohuwar alama ce da ake kira hatimin Annabi Sulaiman, ana ganinta a tsofaffin kuɗin Maroko ma. Shi ne kuma ke kan tutar Najeriya ta zamanin mulkin mallaka daga 1914.

Ina da kwabo na 1936 mai sunan sarkin da ya yi murabus. An ce miliyoyi ne.

Labarin gaskiya ne, farashin ne ƙarya. Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a Janairun 1936, ya sauka a Disamba saboda matar da ya nace zai aura. A Ingila kuɗi mai hotonsa bai kai ga shiga kasuwa ba, shi ya sa 'yan gwajin da suka tsira ke da tsadar fitar hankali. Amma namu masu huda ba su buƙatar hoto, suna kawai aka sauya, aka buga miliyoyi aka turo. Abin sha'awa ne a ajiye, ni ma ina da biyu, sai dai a kasuwar masu tara kuɗi abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙaranci da kyawun jiki. Kwabon da aka buga miliyan goma ko ya shekara ɗari yana nan a araha.

Ƙaton farin nan mai hoton mace an rubuta 1780. Ya haura shekara 240 ke nan?

Nan ne kowa ke faɗawa. Wannan liyari ne, dalar Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma fatake daga ƙasashen Larabawa zuwa Habasha da Borno da Kano sun riga sun yarda da kuɗinta, ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama. Sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗaya tak, a Biyana, daga baya har a Landan da Faris da Rum da Bombay. Har yanzu ana buga shi a Ostiriya. To naka yana iya zama na zamanin Shehu, yana iya zama sa'an babanka.

Da ayarin Sahara ya iso mana. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Kalmar ma ba ta mutu ba: a Najeriya ta koma kan sule biyu, a Nijar kuma har yau da dala ake ƙirga sefa, tamma biyar dala ɗaya. Da yawa daga waɗanda suka rage an huda su ko an liƙa musu kunne, domin mata, musamman Fulani, sun mai da su kayan ado. Mai tara kuɗi zai rage wa irin wannan farashi, ko da yake ni a wurina hudar ma tarihi ce.

Yaya zan gane azurfa ce ko jabu?

Je wurin maƙerin zinari ka roƙe shi sikelinsa. Liyari na gaske giram 28 ne da ɗan ɗigo, faɗinsa kusan santimita 4, kuma a gefensa akwai rubutu mai tudu. Sulen azurfa bai kai giram 6 ba. Ka ɗora shi a kan ɗan yatsa ka ƙwanƙwasa da wani kuɗin: azurfa tana amo mai tsawo, dalma kuwa ƙwas take yi ta yi shiru. Maganaɗisu rabin shaida ne kawai. In ya kama, ba azurfa ba ce. In bai kama ba, ba ka tabbatar da komai ba tukuna, don tagulla ma ba ya kama ta. Ka kuma duba fuskar: jabun da aka zuba a mazubi yana da ƙananan ƙuraje da rubutu mai laushin baki, kamar sabulun da ya jiƙa.

Kuɗin tunawa da biki sun fi daraja?

Ya danganta da ƙarfen da yawan da aka buga. Nijar tana da na zinari masu hoton Diori Hamani da shekarar 1960, waɗannan zinarinsu kaɗai abin kuɗi ne. Amma babban kuɗin da Ingila ta buga a 1965 don tunawa da Churchill, tsohon firaministanta, yawansa ya haura miliyan 19, kuma babu azurfa ko ɗigo a cikinsa.

Mindar kakanmu fa, wanda ya je yaƙin Bama?

Juya ta, ka duba gefe da baya kafin komai. Mindojin Ingila na Yaƙin Duniya na Farko suna ɗauke da lambar soja da muƙami da suna da rundunar mai ita. Haka ma mindar yaƙe-yaƙen Afirka da aka ƙirƙiro a 1902, wadda ke da ɗan ƙarfe a kan ƙyallen mai nuna fagen daga. In ka ga "N. Nigeria 1903", yaƙin cin Kano da Sakkwato ne, 1906 kuwa shekarar Satiru da Haɗeja ce. Ba kowane gida ke son jin cewa kakansa yana ɓangaren masu bindiga a ranar ba, amma ƙarfen ba ya ɓoyewa.

Na Yaƙin Duniya na Biyu galibi ba su da suna. Tauraron Bama, wanda mazan jiya na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka samu, tagulla ne mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya, shuɗi mai duhu da ratsin ruwan goro a gefe. Tunda babu suna, takardar sallama da hoto da littafin albashi su ne ke haɗa mindar da mutumin. Kada a raba su wajen rabon gado, kada kuma a sauya ƙyallen don ya tsufa.

In goge su da toka da lemon tsami su yi haske?

Don Allah kada ka yi. Duhun nan da ke kai shi masani ke fara dubawa, kuma gogewa na barin ƙananan zane da ba sa gyaruwa, farashi ya faɗi. In ƙasa ce ta manne, ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi sun isa, ka busar sosai. Riƙe su ta gefe. Kowanne a sa shi a 'yar ambulan ta takarda, a rubuta inda aka samo shi da sunan mai shi. Leda mai laushi tana sa su kore, musamman da damina.

A ina zan gwada nawa da na gaske, kuma in sayar wa wa?

Babban Bankin Najeriya yana da gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa ta Abuja. A Kasuwar Kurmi ta Kano kuma akwai masu kayan da, waɗanda hannunsu ya saba da nauyin liyari, sai dai ka tuna su ma ciniki ya fito da su. Ji ta bakin mutum biyu ko uku. Duk wanda ya kira ka ya ce wani Bature zai sayi aninin ka da miliyoyi amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji, kashe wayar. In kuma waje za a fitar da kayan, a tuntuɓi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tukuna, domin dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba da izininta ba.

Namu gwangwanin dai maƙeri ya auna liyarin ya ce azurfa ce, ya taya kuɗin da bai kai na tayar mota biyu ba. Aka mayar da shi adaka, wannan karon a cikin ambulan mai sunan Hajiya Kaka.