Waiwaye: Yadda dokar ruwa ta taso a Ghana, da inda ta bar mutanen zango

Duk wanda ya buɗe famfo a Asawase ko Aboabo, ruwan da ya zubo masa daga ɗayan wurare biyu ya taso: madatsar Owabi da Turawan mulki suka gina a 1928, ko ta Barekese da ke kan kogin Offin, wadda ke ɗauke da kaso mafi tsoka na ruwan Kumasi. Lokacin da aka gina Owabi babu wata hukumar muhalli. Al'ada ce ke tsaron kogi a ƙasar Asante: akwai ranar da ba a zuwa rafi, akwai kurmin bakin ruwa da ba a sara.

Gwamnati ba ta sa hannu sosai ba sai 1974, shekara biyu bayan taron muhalli na Stockholm, da aka kafa Majalisar Kare Muhalli. Shawara kawai take bayarwa, wanda ya ga dama ya ɗauka. A 1994 ne Doka ta 490 ta haifar da hukumar kare muhalli ta EPA, mai ikon ba da izini da dakatar da aiki. Bayan shekara biyu, Doka ta 522 ta kafa Hukumar Albarkatun Ruwa, ta kuma danƙa dukkan ruwan ƙasa a hannun shugaban ƙasa amana domin jama'a. Ma'ana, kogin da ya ratsa gonarka ba naka ba ne. Ɗiban ruwan sha da girki ba ya buƙatar takarda, amma mai ɗiba domin masana'anta ko haƙar ma'adinai sai da lasisi, kamar yadda ƙa'idojin 2001 suka tsara. Hatta kamfanin da ke haƙa rijiyar burtsatse, tun 2006 doka ta ce sai ya riƙe lasisi. Mutum nawa ne a unguwanninmu ke tambayar wannan takarda kafin injin ya fara huda ƙasa a bayan gida, taku kaɗan daga ramin masai?

Inda aikin lauya ya fi yawa shi ne ƙa'idojin 1999, wato LI 1652. Su ne suka shimfiɗa hanyar: mai son fara wani aiki ya yi rajista, EPA ta duba girman aikin, idan babba ne ya kawo cikakken rahoton illar da zai yi wa ruwa da ƙasa da mutane. An tanadi sanarwar kwana 21 domin jama'a su karanta su yi magana, an kuma ce a zauna sauraron jama'a idan ƙorafi ya yi yawa ko za a tashi mutane daga muhallinsu. Wannan tanadi ne mai daraja ƙwarai, kuma abin da ke ci mini rai shi ne mu ne muka fi kowa rashin cin moriyarsa. Kamfani yana da lauya da masanin da zai rubuta masa rahoto. Matar da ke wanki a gefen rafin Aboabo, ruwan ya yi baƙi yana wari, leda da dattin kwata sun toshe shi, ba ta taɓa jin cewa tana da bakin magana ba.

Kotu ma ta buɗe ƙofa. A 2007 ƙungiyar lauyoyi ta CEPIL ta kai matatar mai ta Tema ƙara kan gurɓata tafkin Chemu, kuma babbar kotu ta amince cewa ana iya shigar da irin wannan ƙara domin amfanin jama'a.

Sai galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ta zo ta gwada ƙarfin dukkan waɗannan takardu. Tun 1989 aka halatta wa ’yan ƙasa ƙaramar haƙar zinariya da lasisi, amma injinan tono da na wanke yashi a tsakiyar kogi sun wuce abin da aka yi tunani a wancan lokaci. A 2017 aka dakatar da ƙaramar haƙa aka tura sojoji. A 2019 Doka ta 995 ta kai hukuncin haƙa ba izini ɗaurin shekara 15 zuwa 25. Duk da haka Offin da Pra da Ankobra suka koma kalar koko. A watan Agustan 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya ce dagulewar ruwan da ke shiga matatar Sekyere Hemang a kan Pra ta kai ma'auni 14,000, alhali an gina ta ne domin 2,000. Kuma a tsakiyar wannan hali, a 2022, aka fito da ƙa'idar LI 2462 da ta ba da damar haƙa cikin gandun daji, inda koguna ke samun tushe. Ban ga yadda za a kare wannan mataki ba.

A farkon 2025 Doka ta 1124 ta maye gurbin ta 490, ta ƙara wa EPA iko. Ina maraba da ita. Sai dai muddin sanarwar neman izini tana fitowa da Turanci a shafin jarida kaɗai, mutanen Sawaba da Sabon Zango ba za su gan ta ba. Ya kamata sarakunan zango da limamai da lauyoyinmu matasa su nemi hukumar ta riƙa aiko da ita a karanta a shirin Hausa na rediyo da bayan sallar Juma'a, tun kwanakin ƙorafi ba su ƙare ba.