Ma'anar "Organometalik" da Aikin Geoffrey Wilkinson

Duk wanda ya leƙa labaran kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai zai riƙa cin karo da kalmar organometalik. Kalma ce mai nauyi a baki, amma ma'anarta a miƙe take: duk sinadarin da a cikinsa ƙwayar zarrar wani ƙarfe ta ƙulle kai tsaye da ƙwayar zarrar kabon, shi ake kira haka. Ƙarfe a nan bai tsaya ga baƙin ƙarfe ba, ya haɗa da magniziyam, filatinam, rodiyam da sauransu. Kabon kuwa shi ne ƙashin bayan man fetur, roba, magunguna, har da jikin mai rai.

An daɗe ana nazarin waɗannan gidaje biyu, na ƙarafa da na kabon, daban-daban, kowa da malamansa. Wani masani ɗan Denmak mai suna Zeise ya haɗa irin wannan sinadari da filatinam tun wajen 1827, amma fiye da shekara ɗari babu wanda ya gane yadda ƙullin yake.

Abin da ya buɗe ƙofar ya faru a 1951, lokacin da wasu masana biyu, Kealy da Pauson, a Amurka suka samu wata hoda mai ruwan lemo ba da niyya ba. Baƙin ƙarfe ne a cikinta tare da kabon, amma ga ta da juriyar zafi da iska fiye da yadda lissafi ya nuna. A 1952 Geoffrey Wilkinson, ɗan Ingila da ke Jami'ar Harvard a lokacin, shi da Robert Woodward suka warware zaren: ƙwayar ƙarfe ɗaya ce zaune tsakanin zobba biyu, kowane zobe da kabon biyar, kamar ƙwallo tsakanin tafin hannu biyu. Ernst Otto Fischer a Jamus ya kai ga wannan amsa shi ma ta tasa hanyar. Sinadarin aka sa wa suna ferosin, kuma Wilkinson da Fischer suka raba kyautar Nobel ta 1973.

A ganina, abin da ya fi ferosin muhimmanci shi ne aikin da ya biyo baya, bayan Wilkinson ya koma Kwalejin Imperial da ke Landan. Nan ne maganar katalis ke shigowa. Katalis sinadari ne da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Yana shiga tsakani, ya gama aiki, ya koma yadda yake, ya kama na gaba. Shi ya sa ɗan kaɗan ke isar abu mai yawa.

Wajen 1965 Wilkinson da ɗalibansa suka fito da wani sinadarin rodiyam mai launin ja, wanda har yau da sunansa ake kiransa. Aikinsa shi ne liƙa haidirojin a jikin kabon biyu masu ƙulli biyu a tsakaninsu. Ga yadda yake yi: rodiyam ɗin na riƙe da rassa uku masu fosfaras, sai ya saki ɗaya don samun wuri. Ya kama iskar haidirojin ya raba ta gida biyu, ya jawo sinadarin kabon ɗin kusa, ya miƙa masa haidirojin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sake shi. Duk wannan a zafin ɗaki, narke a cikin ruwan sinadari. Abin da ke burge ni shi ne, a cikin kwalba babu ƙulli ko ɗaya tsakanin rodiyam ɗin da kabon. Ƙullin yana samuwa ne a tsakiyar aiki, ya warware da an gama. Riƙon ƙarfe da kabon ɗin yana da ƙarfin da zai riƙe, yana kuma da sassaucin da zai saki, kuma amfanin fannin gaba ɗaya a nan yake.

Idan ana maganar tasirin masani, mutane kan ƙirga maƙalun da ya wallafa da yawan waɗanda suka ambace su. Wilkinson ya wallafa ɗaruruwa, kuma littafin koyarwa da ya rubuta tare da Albert Cotton a 1962 ya raini ɗalibai a ƙasashe da dama. Ni dai na fi duba abin da wasu suka gina a kan aikin. A shekarun 1970 masana'antu suka rungumi katalis na rodiyam wajen haɗa sinadaran da ke tausasa roba, saboda ba ya bukatar matsin iska mai tsanani irin na katalis ɗin ƙarfen kobal da ake amfani da shi a da.

Sai William Knowles na kamfanin Monsanto, wanda a 1968 ya ɗauki katalis ɗin Wilkinson ya canja masa rassan fosfaras. Wasu sinadarai suna zuwa iri biyu kamar hannun dama da na hagu, kuma sau da yawa ɗaya kaɗai ke aiki a jiki. Gyaran Knowles ya sa katalis ɗin ya fi fitar da wanda ake so. Da haka aka samu hanyar haɗa L-DOPA, maganin Parkinson, cutar da ke sa karkarwar jiki, a masana'anta, aikin da ya ba Knowles rabonsa a kyautar Nobel ta 2001.