Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Nau'o'in Dolfin Ke Raba Ruwan Gaɓa Ɗaya

Dolfin ba kifi ba ne, dabba ce mai shayarwa da ke shaƙar iska ta wata kafa a saman kai. A gaɓoɓin teku da yawa akan tarar da nau'i biyu ko uku suna kiwo a mashigin ruwa ɗaya shekara da shekaru, ba wanda ya kori wani.

In duk kifi suke nema, me ya hana mai ƙarfi ya kori mai rauni?

A 1934 masanin halittu ɗan Rasha, Georgy Gause, ya nuna da ƙananan halittu a cikin kwalabe cewa nau'i biyu masu dogaro da abinci iri ɗaya sak ba sa daɗewa tare, dole ɗaya ya ƙare. Saboda haka duk inda aka ga dolfin iri biyu sun zauna, akwai inda suka saɓa: ko a zurfin ruwan da kowa ya fi so, ko a lokacin farauta, ko a irin abin da ake ci. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin lura shi ne, bambancin yakan zama siriri ƙwarai, wani lokaci mita ɗaya ko biyu na zurfi kawai.

A ina aka auna wannan rabon sosai?

Misalin da aka fi nazarta shi ne mashigin Cleveland, kusa da birnin Townsville a jihar Queensland ta Ostireliya. Can akwai dolfin mai guntun fiffike, Orcaella heinsohni, wanda sai a 2005 aka tabbatar nau'i ne mai zaman kansa, da kuma dolfin mai tozo na Ostireliya, Sousa sahulensis, wanda aka ware a 2014. Sunan na biyun yana da ruɗi, don na Ostireliyan ba shi da wani tozon kirki, 'yan uwansa na gaɓar Afirka ne ke da shi.

Duka biyun suna manne da gaɓa, galibi a ruwan da bai kai zurfin mita 15 ba, kusa da bakin koguna. In ka zana wuraren da ake ganin kowanne a taswira, sai su hau kan juna sosai. Da wani mai binciken dolfin, Guido Parra, ya bi su da ma'aunin zurfi ne bambancin ya fito: mai guntun fiffike ya fi son ruwan mita 1 zuwa 2 da filayen ciyawar teku, mai tozo ya fi son mita 2 zuwa 5, har da hanyoyin da aka yashe domin jiragen ruwa. Binciken cikin waɗanda suka mutu a raga ya ƙara wani abu: mai tozo kusan kifi zalla yake ci, mai guntun fiffike kuma yana haɗawa da sikwid da danginsa, wato dabbobin nan masu laushin jiki da hannaye da yawa.

Ban da zurfi, da me kuma suke rabawa?

Da lokaci, da kuma dabarar farauta. A tudun yashin ƙarƙashin ruwa na Little Bahama, a tsibiran Bahamas, inda mai bincike Denise Herzing ta fara bibiyar dolfin tun 1985, dolfin iri biyu, mai bakin kwalba da mai ɗigo-ɗigo, suna zaune tare. Mai bakin kwalba yakan bi saman yashi a hankali, yana aika sauti yana sauraron amsa-kuwwa. In ya ji kifi a ɓoye, sai ya kifa kai ƙasa ya cusa baki cikin yashi, wani lokaci har zuwa kafaɗa, ya fito da abinsa ya bar rami kamar kwano. Mai ɗigo-ɗigo shi ma yana kiwo a yashi da rana, amma da dare yakan fita bakin tudun inda ruwa ya yi zurfi, ya kama sikwid da kifi mai tashi.

A Kaikoura ta ƙasar Niyu Zilan rabon ya fi haka fitowa fili. Ƙaramin dolfin Hector yana zama dab da gaɓa cikin ruwa mai gurɓi, dolfin daski kuma yana hutawa kusa da gaɓa da rana, ya yi kiwonsa da dare a kan wani kwazazzabo mai zurfi, lokacin da ƙananan kifaye ke tasowa sama.

Ke nan zaman lafiya suke yi?

Zo mu zauna, zo mu saɓa. A Cleveland, yawancin haɗuwar da aka gani ta cin zali ce ko ta neman barbara, kuma mai tozo ne ke bin mai guntun fiffike. Wannan ya sa ake ganin zaman mai guntun fiffike a ruwa mara zurfi ba zaɓin abinci kaɗai ba ne, har da kauce wa fitina. A mashigin Cygnet na yammacin Ostireliya gwajin ƙwayoyin gado ya tabbatar da wata dolfin da aka haifa tsakanin nau'o'in biyu.

A Bahamas mai bakin kwalba ya fi girma, shi ya sa mazan masu ɗigo-ɗigo kan haɗa kai su taru a kansa. Amma ana ganinsu suna tafiya tare da wasa tare. Mafi muni shi ne abin da aka bayyana a 1996 a mashigin Moray na Sukotland: masu bakin kwalba suna dukan ƙaramin danginsu da ake kira fofas har ya mutu, da karayar haƙarƙari da fashewar kayan ciki, kuma ba sa cin gawar.

Yaya masu bincike ke gano wurin da kowanne ya fi so?

Ana fara da zana layuka a taswira da suka ratsa dukkan mashigin, ba inda aka saba ganin dolfin kaɗai ba. Ƙaramin jirgi yana bin layukan a hankali, kamar kilomita 10 zuwa 15 a awa, da masu kallo aƙalla biyu, kowa da ɓangarensa. In aka hango garke, sai a ɗauki wurin da GPS, a auna zurfi, da ɗumin ruwa, da gishirinsa. Gurɓi kuwa ana auna shi da farin faifai mai faɗin santimita 30, a zura shi da igiya har ya ɓace wa ido, a rubuta tsawon igiyar. Sai a ɗauki hoton fiffiken bayan kowace dabba, don tsagogi da tabon da ke jikinsa su ne shaidarta.

Matakin da sababbin hannu ke mantawa shi ne yin waɗannan awon a wuraren da ba a ga komai ba. In kashi mafi yawa na mashigin zurfin mita 3 ne, ganin dolfin a mita 3 bai nuna ya zaɓi wurin ba. Sai an gwada inda aka gan shi da abin da ke akwai.

Abincin fa, tunda a ƙarƙashin ruwa ake ci?

Hanya biyu ce. Ta farko, buɗe tumbin wadda ta mutu: ana tace abin ciki, a ware ƙasusuwan kunnen kifi, waɗanda siffarsu ke nuna nau'in kifin, girmansu kuma ya nuna tsawonsa, a ware bakunan sikwid masu kama da bakin aku. Matsalar ita ce bakin sikwid ya fi daɗewa a tumbi bai narke ba, sai a ɗauka an fi cinsa. Kuma dabbar da ruwa ya turo gaɓa sau da yawa mara lafiya ce, abincinta na ƙarshe ba shi ne na kullum ba.

Ta biyu, ɗan guntun fata da ake cirowa da kibiya ta musamman, a auna nau'o'in kabon da naitirojin a ciki. Kabon yana nuna inda aka yi kiwo, gaɓa ko nesa. Naitirojin yana nuna matsayi a jerin wa-ke-cin-wa. Sai dai kifaye biyu daban suna iya ba da awo iri ɗaya, don haka daidaituwar sakamako ba hujja ba ce cewa abinci ɗaya ake ci.

Wane kuskure ne ya fi ɓata sakamako?

Rashin gani. Da zarar iska ta fara sa farin kumfa a kan igiyar ruwa, ana daina ƙirga, don ƙananan fiffike ba sa ganuwa. Mai guntun fiffike yana fitowa a ɓoye kuma yana gudun jirgi, mai bakin kwalba yana zuwa gaban jirgi da kansa, sai a ƙirga ɗaya fiye da kima a rage ɗaya. Jirgi kuma ba ya shiga ruwan mita ɗaya in teku ta janye, ba ya aiki da dare. Na'urorin sauraro da ake dasawa a ƙarƙashin ruwa suna cike giɓin dare, amma raba muryar wani nau'i da wani ba koyaushe yake yiwuwa ba.

Me ke faruwa in mutane suka taɓa wurin?

Siririn gefen gaɓar nan da dolfin ke rabawa shi ne inda ake gina tashar jiragen ruwa, ake yashe hanya, ake kafa raga. Aiki ɗaya yana iya amfanar wani ya cutar da wani: yashe hanya yana ba mai tozo wurin kiwo, amma lakar da ta taso tana rufe ciyawar tekun da mai guntun fiffike ke bi. Ragar kama kifin shak da Queensland ta fara kafawa a 1962 ta kama nau'o'in biyu duka. A ƙirgar da aka yi a Cleveland tsakanin 1999 da 2002 kowanne bai kai ɗari ba, mace kuma ɗa ɗaya take haifa bayan cikin kusan shekara, sai ta yi shekara biyu ko uku ko fiye kafin ta sake. Mutuwar mata kaɗan a shekara ta isa ta sa adadin ya fara raguwa. Shi ya sa tsarin kariya da aka gina kan taswirar nau'i ɗaya kan bar ɗayan a waje, musamman wanda ke can ruwa mara zurfi inda jirgin masu ƙirga bai isa ba.