Waiwaye: yadda halatta tabar wiwi a Kanada ya koma rigimar gidajen haya

Tun daga shekarar 1923 tabar wiwi take cikin jerin abubuwan da aka haramta a Kanada, kuma a tsawon wannan zamani mai gidan haya bai damu da rubuta sharaɗi a kanta ba, domin dokar ƙasa ta riga ta ɗauke masa wannan nauyi. Ƙofa ta fara buɗewa a shekarar 2000, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta lardin Ontariyo ta yanke hukunci a shari'ar wani mai fama da farfaɗiya cewa hana shi ganyen da yake magani da shi ya saɓa wa kundin tsarin mulki. A shekarar 2001 gwamnatin tarayya ta fito da ƙa'idojin amfani da ita don jinya.

Babban sauyin ya zo ranar 17 ga Oktoba, 2018, da gwamnatin Justin Trudeau ta halatta wa baligi riƙe giram 30 na busasshen ganye a bainar jama'a da shuka tushe huɗu a kowane gida. Sai dai dokar tarayyar ba ta taɓa batun haya ba, domin wannan hurumin larduna ne, kuma a nan ne kowane lardi ya kama gabansa.

Kebek ne ya fi tsanantawa. Ya ba masu gidaje kwana 90 su ƙara sharaɗin hana sha a cikin yarjejeniyar da aka riga aka sa wa hannu, ba tare da neman yardar ɗan haya ba. Ɗan haya na da kwana 30 ya ƙi amincewa, amma bisa dalilin jinya kaɗai, daga nan sai mai gida ya kai maganar hukumar sasanta rikicin haya. Lardin ya kuma hana shuka a gida gaba ɗaya, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan hani a Afrilun 2023. Da aka zo ƙarshen 2019 aka hana sha a wuraren taruwar jama'a, sai ɗan hayan da yarjejeniyarsa ta hana shi ya wayi gari da abin da doka ta halatta masa saye, amma ba shi da inda zai kunna. Wanda ya mallaki gidansa bai san wannan matsala ba, kuma a ganina wannan bambanci shi ne asalin ƙorafin da ake ta yi har yau.

Biritish Kolombiya ta bi hanya mai sauƙi: duk tsohuwar yarjejeniyar da ta hana shan sigari, an ɗauka ta haɗa da wiwi.

A Ontariyo kuwa mai gida ba shi da ikon sauya tsohuwar yarjejeniya shi kaɗai, sai dai ya sa sharaɗin ga sabon mai shigowa. Dokar lardin ta hana sha a wuraren da mazauna bene suke tarayya a kansu, kamar lif da matakala da ɗakin wanki, amma ta bar cikin ɗaki ga abin da aka rubuta. Saboda haka a bene ɗaya za a iya samun tsohon ɗan haya yana sha da izinin doka, na gefensa da ya tare bara kuma an hana shi. Hayaƙin shi kuwa bai san yarjejeniya ba: yana bi ta ramin iska na banɗaki da ƙarƙashin ƙofa, ya kai ɗakin da yaro mai ciwon asma yake kwance, musamman da hunturu da ba a buɗe taga.

A Ontariyon dai, maƙwabcin da abin ya dama ba ya kai ƙarar mai shan kai tsaye gaban hukumar haya, domin babu yarjejeniya a tsakaninsu. Abin da yake yi shi ne ya rubuta wa mai gida, yana ajiye ranaku da lokutan da warin ya shigo, idan mai gidan ya yi biris sai maƙwabcin ya kai ƙarar mai gidan kan cewa ya bari an hana shi jin daɗin zama a muhallinsa. Shi kuma mai gida yana iya ba mai shan takardar gargaɗi da wa'adin kwana bakwai ya gyara, kafin ya nemi izinin fitar da shi. Mai shan don jinya yana da kariya a dokar haƙƙin ɗan Adam, amma kariyar ba ta nufin lallai sai ta hanyar hayaƙi, tunda tun Oktoban 2019 aka halatta wiwin da ake ci a alewa ko a sha a lemo, kuma sau da yawa a nan ake samun maslaha.